Darasi na Tara: Idan Manomi Ya Tafi Yaƙi, Wa Zai Nome Gonarsa?

Galibin labaran yaƙi da muka taso muna ji daga bakin dattawa da maroƙa na sarakuna ne da jarumai: wane ya ci garin wane, wane ya yi shahada, wane ya ranta a na kare. A wannan darasi hankalinmu zai koma kan mutumin da ke tafe a bayan tuta. Da dukiyar wa ya mallaki makaminsa? Wa ke ciyar da iyalinsa idan ya fita? Me yake tararwa idan ya komo? Wanda ya bi sawun waɗannan tambayoyi zai ga yadda yaƙi ke sauya zaman jama'a, ya sauya mai gona da mai sarauta da mai biyan haraji, tun ana fafatawa har bayan an daɗe da rataye makamai. Za mu bi rundunar jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo daga 1804 zuwa 1903, domin babban sashe na labarinta a nan ƙasar Zamfara ya faru. Daga nan mu leƙa tsohuwar ƙasar Rum, inda aka taɓa ganin makamancin haka.

Rundunar masu kwari da baka

Tun kafin yaƙi Shehu ya san Zamfara, ta san shi, don ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a garuruwanta. A watan Fabrairu na 1804 ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Waɗanda suka bi shi malamai ne da almajirai da makiyaya da manoma. Babu albashi, babu bariki, kowa da abin da ya fito da shi daga gida, mafi yawa kwari da baka. A watan Yuni na wannan shekara suka haɗu da Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto, Malam Abdullahi ƙanen Shehu yana jagorantarsu. Dawakinsu ba su wuce kamar 20 ba. Yunfa kuwa ya zo da 'yan lifida da mahayan Buzaye. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga, a sa wa doki da mahayinsa don kada kibiya ta huda, kuma sai sarki ko babban basarake ke iya ɗaukar nauyinta. Duk da haka maharban jama'ar Shehu suka dake, rundunar Gobir ta watse.

Nasara ta samu, amma ciki bai san nasara ba. An yi yaƙin ne daidai faɗuwar damina, wato hannuwan da ya kamata su riƙe fartanya suna riƙe da baka. A ƙarshen 1804 aka yi wa jama'ar mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum kusan 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Yunwa ta tura su kudu, a 1805 suka sauka Sabon Gari a ƙasar Zamfara. Zamfarawa suka karɓe su hannu biyu-biyu, kuma suna da dalili: Gobirawa ne, a zamanin Sarki Babari, suka rushe Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, suka kafa Alkalawa a kan ƙasar Zamfarawa. Tsohon miki ne da bai warke ba.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Dubban baƙi masu makami sun sauka a ƙasar da rumbunanta aka cika don mutanen gida kaɗai. Da kyauta ta ƙare sai saye, da abin saye ya ƙare sai wasu daga cikin mayaƙan suka shiga ɗiba da ƙarfi. Kafin shekara ta kewayo, garuruwan Zamfara da dama sun juya baya, abokan jiya sun zama abokan gaba. Wannan ba ƙagen maƙiya ba ne, su kansu jagororin jihadin sun koka da halin wasu mabiyansu. A 1807 Malam Abdullahi ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki, saboda takaicin yadda neman dawaki da ƙwaraƙwarai da muƙami ya fara shiga zukatan mutane. Kanawa ne suka tsayar da shi, kuma a Kano ya rubuta littafinsa Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki bisa shari'a, kafin ya komo.

A waɗannan shekaru ne aka zana taswirar sarautun da muka sani yau. Namoda, wani jarumi na ɓangaren Shehu, ya karya rundunar Buzaye a Fafara, kusa da Zurmi, a 1806. 'Yandoto, tsohon garin malamai, ya ƙi miƙa wuya, Muhammadu Bello ɗan Shehu ya ci shi da yaƙi. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya fito daga 'Yandoton yana goyon bayan Shehu, shi ya kafa Gusau. Gidan sarautar 'Yandoto kuma ya ƙarasa a Tsafe, shi ya sa har gobe ake cewa 'Yandoton Tsafe. Sarkin Katsinan Gusau, Sarkin Fulanin Bungudu, Sarkin Kiyawan Kaura Namoda, kowace sarauta a cikinsu tana ɗauke da labarin wanda ya tsaya a wane ɓangare. Alkalawa ta faɗi a watan Oktoba na 1808, aka kashe Yunfa.

Kason doki

Ga wata ƙa'ida ta fiƙihu da ɗaliban Risala suka sani, wadda ta yi aiki a zaman jama'a fiye da yadda ake zato. Idan an ci ganima, akan fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, a raba sauran huɗun ga waɗanda suka halarci yaƙin. Dakare, mai yaƙi a ƙasa, kaso ɗaya gare shi. Mahayi kuwa kaso uku: ɗaya nasa, biyu na dokinsa. Hukuncin yana da hujja, domin doki na cin dawa da harawa, yana bukatar mai yi masa hidima, kuma yana iya mutuwa a fagen fama. Amma ku lissafa abin da zai biyo baya. Mutum biyu sun fita daga gari ɗaya, ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan doki. Bayan fita goma, na ƙasa yana da kaso 10, mahayi yana da 30, ya kuma sayi doki na biyu ya ɗora baransa.

Babbar ganimar wancan zamani mutane ce. Doki mai kyau, irin na Barno ko na Azbin, da bayi ake sayensa, kuma ba da bawa ɗaya ba. Da doki ake kamo bayi, da bayi ake sayen doki, sauran bayin a zuba su a rinji su noma wa ubangidansu gandu, shi kuma ya sami sukunin fita yaƙi ko da damina ce. Talaka mai 'yar gonarsa ba shi da wannan dama. Shi sai da rani, bayan an kai amfanin gona gida, ake yi masa gayya ya fito da bakansa, ya koma kafin ruwan shuka. Sannu a hankali yaƙi ya zama sana'ar wasu mutane na musamman, barade da barori, waɗanda dokinsu da rigarsu, wani lokaci har aurensu, daga hannun ubangida suka fito. Irin wannan mayaƙi, ubangidansa yake kallo kafin ya kalli kowa.

Kafin 'ya'yan waɗanda suka yi Tabkin Kwatto su yi furfura, masarautun daular Sakkwato sun mallaki nasu 'yan lifidan da 'yan sulke, tsofaffin sarautu irin su Galadima da Madawaki da Kaura sun dawo da kwarjininsu. Hawan sallah da muke kallo yau, inda kowane hakimi ke wucewa da ayarin mahayansa ya kai gaisuwa, ragowar wancan tsari ne: da can sarki na ƙirga dawakin da kowa zai iya kawo masa ne ranar fita.

Ganuwa da ribaɗi

Faɗuwar Alkalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba. Katsinawan da suka ƙi bin sabuwar daula sun kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan kayen da suka sha a Gawakuke a 1836. Daga can suke kawo hari kudu, su keta daji su faɗa wa ƙasar Zamfara da ta Katsina. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ga runduna mai taruwa da rani ta watse da damina ba za ta iya tsare iyaka ba. Sai ya ɗauki dabarar ribaɗi: a gina gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mutane a ciki, a ba su gonaki da masallaci da malami da alƙali, su noma kuma su yi tsaro. Shi da kansa ya tare a ribaɗin Wurno, can ya rasu, can kabarinsa yake.

Wannan dabara ta soja ta sauya rayuwar dubban iyalai. Makiyayan da suka saba bin shanu aka zaunar da su wuri ɗaya, aka ƙarfafa musu kiwon dawaki. Suka yi auratayya da maƙwabta, jikokin da yawansu suka tashi da Hausa a baki maimakon Fillanci. Manoman da ke warwatse a ƙauyuka suka taru cikin ganuwa, gonar da ke kusa da ƙofar gari ta yi daraja, ta nesa ta koma daji. Garuruwan gabashin Zamfara, irin su Zurmi da Kaura Namoda, a kan hanyar mahara suke, sun kuma rayu a haka shekara da shekaru. Har mutanen Gusau sai da hare-hare suka tayar da su, suka yi zama a Rawayya, nan cikin ƙaramar hukumar Bungudu ta yau, kafin su koma mazauninsu.

A rabin ƙarshe na ƙarnin bindiga ta fara yawaita. Sarakuna ba su yarda su damƙa ta ga hakimai da 'ya'yan sarauta ba, sai suka ba bayinsu, domin bawa ba ya neman gadon sarauta. A Kano manyan bayin sarki, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, sun yi ƙarfin da sai da su ake ɗaure magana, kuma a yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 ɓangaren da suka karkata ya yi nauyi ƙwarai. Rundunar da ta faro da almajirai masu sa kai ta ƙare da bayi masu bindiga a ƙofar fada.

Abin da ya faru a Rum

Shekarun da za a ambata a wannan sashe kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, don haka lissafinsu baya-baya yake tafiya: 509 ta riga 133.

A wajen 509 mutanen birnin Rum, a ƙasar Italiya, suka kori sarkinsu na ƙarshe suka kafa jamhuriya. Kowace shekara a zaɓi shugabanni biyu, su yi mulki su kuma ja runduna, majalisar dattawa na ba su shawara. Akan ƙirga 'yan ƙasa a karkasa su bisa dukiya. Mafiya wadata su ne mahaya. Manomi mai gona ya sayi kwalkwalinsa da garkuwa da mashi da takobi. Wanda ba shi da komai ba a ɗaukarsa soja. Ko wurin zaɓen shugabanni, masu dukiya ke fara jefa ƙuri'a, kuma tasu ta fi nauyi. Amma da yake manoma ne ƙashin bayan runduna, suna da abin da za su ja da shi. A 494, da bashi ya yi musu katutu, suka fice daga birni suka ƙi fita yaƙi, sai da aka ba su wakilansu masu ikon taka wa shugabanni birki suka komo.

Nasara ce ta lalata wannan tsari. Bayan yaƙin Hanibal, jarumin birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, wanda aka yi daga 218 zuwa 201, fagen fama ya koma ƙetaren teku. Manomin da aka tura Sifaniya yakan shafe shekaru bai ga gida ba, ya komo ya tarar gona ta zama saura, iyali sun ci bashi. A daidai lokacin dukiya da bayi na kwararowa hannun manya. A 167 kaɗai an kamo mutum kimanin 150,000 daga yankin Efirus na ƙasar Girka. Attajirai suka riƙa haɗiye ƙananan gonaki suna zuba bayi, waɗanda suka rasa gona suka kwarara birni. Masu dukiyar da ta isa a ɗauke su soja suka yi ta raguwa.

A 133 wani wakilin talakawa, Tiberiyus Girakus, ya kawo dokar cewa kada kowa ya riƙe fiye da kimanin hekta 125 na filin gwamnati, a raba rarar ga marasa gona. Manya suka kashe shi da kulake, tare da magoya bayansa wajen 300. A 107 shugaba Mariyus, da zai tafi yaƙi Arewacin Afirka, ya buɗe ƙofa ga 'yan sa-kai marasa ko taƙi. Masana tarihi sun nuna cewa tun kafin shi an yi ta sassauta sharaɗin dukiya, kuma hukuma ta fara ba da makamai, shi dai ya fito da abin fili ne. Sojan da ba shi da gonar komawa, begensa na samun fili bayan sallama yana wuyan janar ɗinsa. A 88, da aka ƙwace wa janar Sulla jagorancin wani yaƙi, sai ya juyo da rundunarsa ya auka wa birnin Rum kansa. Manyan hafsoshinsa duka suka ƙi binsa in ban da mutum ɗaya, ƙananan sojoji kuwa suka bi. A 49 Yuliyus Kaisar ya maimaita haka, aka kashe shi a 44, yaƙin basasa ya ci gaba har Agustus ya tattara iko a hannunsa a 27. Shi ne ya yanka wa soja shekarun aiki, ya kuma ware baitulmali na musamman don kuɗin sallama. Rikicin ya lafa, amma jamhuriya ta riga ta mutu.

Kada a ɗauka labaran biyu ɗaya ne. Rum zaɓe take yi, Sakkwato mubaya'a. Babu wani sarkin yaƙi da ya taɓa juyo da runduna ya ƙwace Sakkwato, kuma a ganina wannan shaida ce ta ƙarfin girmamawar da ake yi wa gidan Shehu da shari'a. Inda suka yi kama shi ne wajen talaka: a duka biyun manomi ya fara yaƙin, bawa ya gaji noman, riba ta taru a hannun 'yan kaɗan, mai makami kuma ya koma kallon hannun wanda ke ciyar da shi.

Kwatarkwashi, 1903

Ƙarshen tsohon tsarin a ƙofar gidanmu aka gan shi. A farkon Fabrairu na 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, lokacin Sarki Alu yana hanyar komowa daga Sakkwato da rundunarsa. A ƙarshen watan, kusa da Kwatarkwashi, Wazirin Kano Ahmadu da mayaƙansa suka yi karo da wani ɗan ayari: Turawa 2 da sojoji 44. Bisa lissafin Turawan, Kanawa sun kai mahaya 1,000 da dakaru 2,000. Sojojin suka yi sahu mai kusurwa huɗu, dawaki suka yi ta kai sukuwa harsashi na mayar da su, har Waziri ya faɗi. Shi ne ake kira Mai Shahada. Ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi.

Abin lura, waɗancan sojoji baƙaƙen fata ne, kuma rundunar da Turawa suka kafa a 1897 cike take da Hausawa. Mutane ne masu albashi, masu atisaye kullum, bindigarsu da kakinsu na hukuma, ba ruwansu da damina ko rani. Bayan haka zaman jama'a ya sake juyawa. An hana harin kamun bayi, an ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Ganuwa ta zama ba ta da aiki, mutane suka fantsama daji suka sari sababbin gonaki, ƙauyuka da tungaye suka yawaita. Jirgin ƙasa ya bi ta Gusau ya isa Kaura Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka maye gurbin ganima, doki ya koma abin ado.

Yau kuma, saboda ta'asar 'yan bindiga, muna ganin mutanen tungaye na komawa manyan garuruwa, gonakin nesa na komawa daji kamar zamanin ganuwa. Matasan ƙauye sun ɗauki makami da sunan sa-kai, a watan Janairu na 2024 kuma gwamnatin jiha ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum fiye da 2,600. Tambayoyin farkon darasi suna nan daram a kansu: wa ke biyansu, wa suke yi wa biyayya, wa ke nome gonarsu, kuma wace sana'a za su kama ranar da ƙura ta lafa? Haƙƙinku ne ku yi wa kansila da ɗan majalisa da hakimi waɗannan tambayoyi.

Tambayoyi

1. Me ya sa garuruwan Zamfara suka karɓi jama'ar Shehu a 1805, kuma me ya sa wasunsu suka juya baya?
2. Idan bayan fitar da humusi an sami kaso 60, kuma mahaya 10 ne suka halarci yaƙin, dakaru nawa ne sauran kason zai isa?
3. Me ya sa ƙananan sojojin Sulla suka bi shi alhali hafsoshinsa sun ƙi?

Aikin gida

Ku nemi dattijo ko dattijuwa mafi shekaru a unguwarku, ku gaishe su, ku tambaye su inda ganuwar garinku ta bi, sunayen ƙofofinta, da kuma inda kakanninku suka taso kafin su zauna nan. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya riƙe a ka. Ku zo da abin da kuka samo a zama na gaba, za mu rubuta shi tare a allo.